Famfo Shida a Bakin Makaranta

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da angona ɗan wata biyu, wanda har yau a hoto kawai nake ganinsa. Yaya jego? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar nan tawa da ta saba yi mini tsiya idan na daɗe a tsaye.

Na ga saƙonki cewa kina so ki kawo mini shi. Auta, ki ɗan dakata. Allah ya sani ba wanda ya kai ni ɗokin ɗaukarsa, amma kin san yadda kika bar mu. Shekara goma sha ɗaya ke nan famfon tsakar gida bai ɗiga ba, ya zama wurin rataye tsumma. Mai jego da jariri kuwa ruwa suke ci, ga wanka ga wanki. Ba zan so ki zo ki riƙa leƙen randa kafin ki wanke masa jiki ba.

Zaɓen shugaban ƙasa ya hana mu sakat. Ƙofar gidanmu an liƙa mata hotuna har hawa uku, wannan a kan wancan, na daina ɓarewa. Motocin lasifika kuwa tun safe suke zagaye. Shekaran jiya wata jam'iyya ta raba wa matan unguwa bokiti mai hoton ɗan takararta. Bokiti fa, Auta, a unguwar da babu ruwa! Na karɓa don kada a ce na cika girman kai, na zuba masa gawayi.

Abin da ke ƙona mini rai, babban bututun da ke kai ruwa gidajen kan tudu ta ƙarƙashin titinmu ya bi. Babanki na cikin waɗanda suka shimfiɗa shi yana saurayi. Idan ya tsaya a bakin makaranta yakan ce yana jin tafiyar ruwan a tafin ƙafarsa. Na taɓa raka shi can sama wani gyara, na ga ana ba ciyawa ruwa da tsakar rana, wani kuma ya yar da tiyo a buɗe ya tafi amsa waya, ruwan yana bin kwata. Ranar ban iya cin abinci ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Litinin wani jami'in kamfen ya zo neman Babanki. Mai Waya Uku muke ce masa, don ba ya rabuwa da su, kuma bai taɓa ƙarasa magana ba tare da ɗaya ta katse shi ba. Wai ɗan takararsu zai ratsa ta unguwarmu nan da kwana goma, suna so a gina famfo shida a bakin makaranta ya buɗe a gaban 'yan jarida. Za a ɓoye tanki a bayan katanga, mota ta cika shi da safe. Ruwan yini ɗaya ke nan, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Ina bayan labule ina jira in ji Babanki ya sallame shi. Sai na ji ya ce to, zai yi.

Auta, mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu a hukumar ruwa bai taɓa barin aiki sai ya ga ruwa ya zubo a hannunsa ba, mutumin da taurin kansa ya hana shi ƙarin girma sau biyu, yau saura wata bakwai ya yi ritaya zai haɗa famfon ƙarya a unguwarsu. Na faɗa masa maganganu, har da waɗanda bai kamata ba. Shi kuwa ya ci gaba da goge sifanarsa. Matar tela ta riga ta fara yi mini habaici a layin 'yan garuwa. Kwana biyu ke nan daga ina kwana sai ga abinci tsakanina da shi.

Ki gaishe da maigidanki. Ki sumbatar mini angona, ki ce masa ya yi haƙuri.

Taki,
Umma


Zuwa ga Autata,

Ina gaishe ki da kyau, ke da mutanen gidan. Na ji daɗi da kika ce angona ya fara murmushi. Ki zauna sosai kafin ki karanta wannan, domin uwarki ta ji kunya, kuma ban taɓa jin daɗin kunya irin wannan ba.

Ashe Babanki ya gindaya wa Mai Waya Uku sharaɗi ɗaya. Ya ce ba zai taɓa titi ba sai da takarda. Shi kuwa sauri yake, ya samo masa wasiƙa mai hatimin hukuma, an rubuta a ba mai ɗauke da ita duk haɗin kan da yake bukata domin ruwa ya fito a famfunan ranar buɗewa. Ba a rubuta daga ina ruwan zai fito ba. Mutumin da bai taɓa jan bokiti ba, ina zai damu da wannan?

Babanki ya ajiye tankin a bayan katanga yadda aka ce, har ya shafa masa fenti. Sai ya tara tela da mai shayi da direbobin layinmu, suka fasa titi da rana tsaka, kowa yana kallo. Ni ina zaton duk cikin wasan ne, ko leƙawa ban yi ba. Ashe babban bututun ya tono, ya ja reshe daga jikinsa har zuwa famfunan, ya mayar da ƙasa ya zuba siminti. Mai Waya Uku ya zo sau ɗaya, ya ga an manna allon da ke ɗauke da sunan ubangidansa, ya ce aiki ya yi kyau, ya shige mota.

Ranar buɗewa an kawo mutane cikin manyan motoci, fuskokin da ba mu taɓa gani ba, aka jera su a gaba, mu 'yan unguwa aka tura mu bayan igiya. Motocin tawagar ɗan takara sun fi talatin, kowace ɗaya ta isa ta haƙa mana rijiya biyar. Ɗan takara ya fito cikin fararen kaya, ya yi jawabi cewa shi ma ɗan talaka ne, ya san zafin ƙishirwa. Ya ɗaga yatsa ya ce muddin yana numfashi wannan ruwa ba zai tsaya ba. Sannan ya murɗa kan famfo yana jiran ɗan tsiyaye irin na tanki. Auta, ruwan tudu ne da ƙarfinsa! Ya feso ya jiƙa shi daga ƙirji har takalmi. Ya daure ya yi dariya saboda kyamara. Ni kuwa na yi tawa da gaske, har sai da matar tela ta riƙe ni.

Duk da haka ban gane ba. Washegari na ji hayaniya, na fita na tarar da layin mata, ruwa yana zuba. Na ce ragowar tanki ne. Kwana na uku na zagaya bayan katanga da kaina na ƙwanƙwasa tankin, na ji wayam, ko tiyo ba a haɗa masa ba. Na dawo gida na sami Babanki yana shan shayi kamar ba shi ba. Na tambaye shi me ya hana ya gaya mini. Ya ce, "Da na gaya miki, da kafin azahar matar tela ta ji, kafin la'asar Mai Waya Uku ya ji." Na so in yi fushi, amma gaskiya ya faɗa. Na durƙusa na ba shi haƙuri, abin da rabona da yi tun kina goye.

Ki ga unguwar yanzu. Igiyoyin shanya sun cika, yara suna zuwa makaranta fes, tsohuwar nan ta ƙarshen layi ta wanke ɗakinta har bango. Bokitin kamfen ma na juye gawayin, ya sami aikin yi.

Sai dai ba a rasa abin da ke biyo baya ba. Mutanen tudu sun kai ƙara wai ruwa ya rage ƙarfi a benensu na sama. Babanki ya ce abin da muke ɗiba duka bai kai na ciyawar gida goma ba, ya ma rubuta musu lissafin. Jiya aka kawo masa takardar dakatarwa daga aiki, sai an gama zaɓe za a zauna a kansa. Fanshonsa ne ke cikin haɗari, Auta, wanda muka ɗora duk tsufanmu a kai. Kada ki taso tukuna, ban san ko ruwan zai kai wata ba.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Umma


Zuwa ga Autata,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ki yafe mini jinkirin amsa, sai da komai ya lafa na iya zama.

Kin dai ji sakamako, mutumin da ruwa ya jiƙa shi ne ya ci. Ni ban zaɓe shi ba, kuma ko gobe ba zan zaɓe shi ba. Babanki kuwa har yau ya ƙi gaya mini inda ya dangwala. An kwashe lasifika, ruwan sama ya fara ɓare hotuna, Mai Waya Uku duk wayoyinsa uku a kashe.

Ranar Talata hukumar ruwa ta kira Babanki gaban kwamiti. Matsalarsu ita ce allon nan mai sunan sabon shugaba yana manne a jikin famfo, ga bidiyon alkawarinsa a wayar kowa. Ba wanda zai yarda a gan shi yana rufe wannan ruwa. So suke ya ƙafe da kansa shiru, yadda famfunan kamfen suka saba. Suka tambaye shi inda ya binne makullin reshen, wanda ake murɗawa a rufe ruwa. Ya ce bai sa makulli ba. Suka aiko ma'aikata su tona, mata suka zauna a kan simintin da bokitansu daga safe har la'asar, ma'aikatan kuwa yawancinsu shi ya koya musu riƙon sifana, suka juya.

Sai suka zo masa ta inda ban zata ba. Suka ce shi kaɗai ne idan ya fasa wurin ya ce gyara zai yi, babu matar da za ta hana shi, har ruwan sha za a kawo masa. Ya toshe reshen ya rufe, bayan kwana biyu a ce bututu ne ya lalace. In ya yi haka, a mayar da shi aiki, ya yi ritaya da fanshonsa cif. In ya ƙi, kora ce, ba ko sisi. Suka ba shi kwana uku.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi lissafin maganin ƙafata da rufin ɗakin da ke yoyo, zuciyata ta yi rawa. Wannan karon bai ɓoye mini komai ba. Ya zaunar da ni ya ce fanshon nan rabinsa nawa ne, ni na yi shekara talatin ina wanke kayan aikinsa, don haka ba zai yanke shi kaɗai ba. Na tambaye shi, in na ce ya toshe, zai toshe? Ya ce zai toshe, amma sai mun tashi daga unguwar, don ba zai iya amsa gaisuwar matan da suka ba shi hanya ya wuce da diga ba. Ni da na zage shi a kan famfon ƙarya, da wane baki zan ce ya mayar da na gaskiya ƙarya? Na ce masa ya bar musu fanshonsu, keken ɗinkina bai mutu ba.

Takardar kora ta zo ranar Asabar, layi huɗu kacal, bayan shekara talatin da huɗu. Na yi kuka, ba zan yi miki ƙarya ba. Shi kuwa ya karanta sau biyu, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce in miƙo masa akwatin kayan aiki, famfo na huɗu yana ɗiga tun jiya kuma ba ya son asarar ruwa. Ban miƙa masa ba. Na yafa mayafi na ɗauki akwatin da kaina, shi ya ɗauki bokiti, na bi bayansa har bakin makaranta, ina ɗingishi, kowa yana kallo. Da ya gama gyaran sai ya koma ƙarshen layi da bokitinmu. Mata suka yi ta roƙonsa ya wuce gaba, ya ce bayan mutum tara ya zo.

Na sha ce miki taurin kan Babanki ne ya hana mu gina bene. Har yanzu haka ne, kuma yanzu ko rufin ma sai a hankali. Amma na tsaya a gefe ina kallon tsohon nan da furfurarsa da jiƙaƙƙen wando a cikin layi, na ji da za a dawo da ni budurwa, shi zan sake zaɓa, ba sai an raba mini bokiti ba.

Ban san ko wata rana za su zo da 'yan sanda su tona ba. Yau dai ruwa yana zuba, randunana uku cike suke har baki. Saboda haka ki haɗa kayanki, Auta, ki taho da duk tsummokaransa, kada ki wanke ko ɗaya. Ki kawo mini angona in yi masa wanka da ruwan kakansa.

Babanki yana gaishe ku, ya ce a gaya wa abokinsa ya zo ya koyi riƙon sifana.

Mai jiran isowarku,
Umma