Na yi wa Baba alkawari ba zan taɓa aikin Yaya ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi abin nan ya dame ni, na rasa wanda zan faɗa wa a gida.

Ni 'yar Rano ce, kwamfuta na karanta, kuma yayana ne ya sa ni a hanya. Shi ya rubuta wa wata ƙungiyar makiyaya manhajar da ke kiran wayoyinsu ta tuna musu lokacin rigakafin shanu da tumaki da awaki, daga Madachi har Kahu ta Kibiya. Da yake da yawansu ba sa karatun boko, muryarsa ya ɗauka da Hausa da ɗan Fillancin da ya iya, ita ce take magana in waya ta yi ƙara. Bai karɓi ko sisi ba. Allah Ya yi masa rasuwa a hatsarin babur, ko aure bai yi ba.

Bayan sadakar bakwai Baba ya kira ni ya miƙo min kwamfutar Yaya, ya ce wannan aikin shi ne sadakar da yaron ya bari mai gudana, ba ɗa ba jika sai shi, in kula da shi amma kada in canza ko harafi ɗaya, don a tunaninsa in hannun wani ya shiga ladan ya tashi daga kan Yaya. Ina kuka na ce na yi alkawari. Baba akuya biyu gare shi, amma sai da ya sa na saka lambarsa cikin masu karɓar kira.

To ita manhaja ba dutse ba ce. Masu sabar da muke haya, wato babbar kwamfutar intanet da manhajar ke aiki a kanta, suka sabunta kayansu, rabin aikin ya daina tashi. Garin dubawa kuma na tarar da kuskure a lissafin Yaya na kwanan wata, in shekara ta juya sai kiran ya makara, har lokacin allura ya wuce. Ranar na yi kuka kamar yanzu aka yi rasuwar.

Ga dabarar da na yi. Manhaja fayil-fayil ce, kowanne da aikinsa, in an kunna ta sai kwamfuta ta riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya. Sai na rubuta wani ɗan kod, wato 'yar ƙaramar manhaja, da ke tsayawa a hanya, duk fayil ɗin da aka kira ya tare shi, ya gyara layukan da suka lalace a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta kawai, sannan ya sake shi ya wuce. Na sa masa suna rariya, don kamar tankaɗe gari ne kafin a tuƙa. Fayilolin Yaya suna nan a ajiye yadda ya bar su, ko kwanan watan da ya yi musu taɓawar ƙarshe bai goge daga kansu ba, kuma shi Baba yake sa ni in nuna masa in na je gida. Amma yau gyara gobe gyara, yanzu rariyar ta fi aikin Yaya tsawo.

Yanzu an yi wa maigidana canjin wajen aiki, nesa za mu koma, ƙungiyar ta samo wani malamin kwamfuta a Kibiya da zai karɓi aikin. Na tura masa fayilolin Yaya kaɗai ya fara dubawa, sai ga shi ya bugo yana cewa Malama, abin da ke rubuce a nan daban, abin da ke aiki a saba daban, wa ke tsakani? Na ce masa za mu yi magana. Maigidana kuwa cewa ya yi wayo na yi wa tsoho, ba cika alkawari ba, in sake rubuta abin gaba ɗaya in huta. Haba, sai da muka yi kwanaki gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, don ya taɓa min inda ke ciwo.

Ranar Juma'a Baba zai raka ni Kibiya, ya ce da bakinsa zai kafa wa malamin sharaɗin da ya kafa min. In na ɓoye rariyar, kira zai makara, dabbobin mutane su shiga haɗari, kuma Yaya za a zaga yana kabari. In na fito da ita a gaban Baba, zai gane aikin ɗansa ya daɗe ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Shi kuma malamin na san ba zai yarda ya amsa wa dattijo da ƙarya ba.

Jiya ina gida wayar Baba ta yi ƙara, muryar Yaya ce tana cewa lokacin allurar awaki ya yi. Ya saurara har ƙarshe, ya share ido da bakin rigarsa, ya dube ni ya ce, "Kin ji ɗan uwanki ko? Tun da ya tafi bai taɓa makara ba." Na ce haka ne Baba, na tashi na shige ɗaki.

Malaman da ke cikin nan, na karya alkawarin ne ko ban karya ba? Ladan Yaya yana nan? Ku kuma masu iyaye tsofaffi, in faɗa wa Baba kafin Juma'a, ko in bar shi da wannan ɗan abin da ya rage masa?