Harafin da Ya Sunkuyar da Kai

Gwarzo,
7 ga Janairu, 2001.

Zuwa ga 'yata Naja'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Bashari da ɗan goyonki Mudassir. Yaya kuka sha ruwa, yaya kuma kuka yi Sallah a can Fatakwal? Allah ya karɓi ibadarmu, ya maimaita mana. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar babanki ta yi sauƙi, har ya koma zuwa masallaci ba sanda. Geron gonarmu ta Getso ya yi albarka, sai dai kananzir ya zama sai mai rabo, mun koma icce da kara. Tun da aka fara shari'a masu shashanci a bakin tasha sun naɗe tabarmarsu, ni kuwa ban yi kewarsu ba. Jibirin direba zai kawo miki wannan takarda tare da daddawa da kuka.

Dalilin rubutuna shi ne 'yarki Ikilima. Ki zauna ki karanta da kyau, don akwai faɗa a ciki, akwai kuma abin godiya. Lokacin da hankula suka tashi a Kudu bara kika aiko mini da ita, kin aiko mini da yarinya mai tsabta da kunya, wannan na yaba miki. Amma kin aiko ta da rabin harshe. Yarinya ta haura shekara huɗu, ba ta iya furta ƙ ba. Ƙafa ta ce kafa, ƙofa ta ce kofa, ƙasa ta ce kasa. Na sani unguwarku ba Hausawa, amma ke fa? Ke ba Bahaushiya ba ce? Kin bar ta da Turancin maƙwabta saboda a ce 'yarki ta waye. Ba don haka na kai ki makaranta ba.

Na sa ta a ajin ƙanana da nake koyarwa a Islamiyyar unguwarmu. A makon farko wani yaro, Musbahu, ya ce ta ɗauke masa alli. Ta tashi tana kuka tana cewa karya ne, karya ne. Kin san yara. Nan take suka kama haushi irin na karnuka, wani yana tambayarta ina karyar take, wata tana cewa 'yan kwikwiyo nawa ta haifa. Na hukunta su, amma magana zarar bunu ce. Daga ranar Ikilima ta kulle bakinta. A aji sai nuni da hannu, a gida sai ɗaga kai da girgizawa. Ni kaɗai take kira, don Kaka ba shi da ƙugiya.

Ana haka sai ga Gwaggo Altine, yayar mijinki, ta zo daga Durun kafin azumi. Ta yi ta jan yarinya da wasa, ba ta samu ko kalma ɗaya ba. Ta dube ni ta ce an mayar da jinin gidansu bebiya, an sayar da harshenta a Kudu. Ta ce idan Sallah ta zo yarinya ba ta buɗe baki ta yi Hausa irin ta mutane ba, za ta ɗauke ta riƙo, ba kuma za ta sake taka Fatakwal ba sai dai ziyara. Kin san al'ada ta ba ta wannan dama, kin kuma san mijinki ba ya iya ɗaga ido a gaban yayarsa. Ban rubuto miki a lokacin ba, don me za ki yi daga can ban da kuka? Na ce mata Allah ya kai mu Sallah.

Sai na ɗaura ɗamara. Ban ware Ikilima ita kaɗai ba, don kada ta ji ita ce mai ciwo. Ajin gaba ɗaya na sa a gaba. Alli ya yi wuya, sai muka koma tsakar gida muka share ƙasa. Na zana musu k, na ce ga ta nan a tsaye ƙiƙam kamar yaron da ba a koya wa gaisuwa ba. Na zana wata a gefenta na lanƙwasa mata kai, na ce wannan ita ce ƙ, ƙanwarta mai ladabi, ta ga manya ta sunkuyar da kai. Bilki 'yar gidan liman ta ce a'a Malama, mayafi ta yafa saboda an fara shari'a. Na danne dariyata na ce hakan ma daidai ne. Suka yi ta zanawa da yatsa, kowa yana yafa wa tasa mayafi.

Ganin harafi daban, furta shi daban. Na samo gashin kaza na riƙe a gaban bakina. In na ce ka, gashi ya yi rawa. In na ce ƙa, sai ya ɗan motsa kawai. Na ce musu ƙ ba ta son iska: mutum ya riƙe numfashi kamar zai ɗaga tulu, ya ɗaga bayan harshe ya toshe, sannan ya sake shi ya fashe. Kowa ya ɗora yatsa a maƙogwaronsa ya ji yadda yake tsalle. Na kuma cika kwando da tarkace, ƙwarya da ƙusa da ƙaho da ƙashi, haɗe da kofi da kwano da kara, yaro ya zaro ɗaya ya faɗi sunansa ya ajiye shi a gaban harafinsa. A nan na gane 'yarki ba kunnenta ne da matsala ba. Ba ta taɓa kai ƙusa gaban k ba, har gyara wa Musbahu take yi da hannu. Baki ne dai ta hana. Da azumi ina girkin buɗa-baki sai in jiyo ta a bayan rumbu ita kaɗai da gashin kazarta, tana ta kokawa da harshe. In na leƙa sai ta yi tsit. Na ƙyale ta, don sannu ba ta hana zuwa, amma ba zan ɓoye miki ba, har aka ga watan Sallah ban ji ƙ ɗaya tsayayya daga bakinta ba.

Bayan Sallah da kwana biyu Gwaggo Altine ta iso, da jaka babu komai a ciki, wadda za a zuba kayan yarinya. Muka zauna a rumfa, babanki yana gefe. Ikilima ta durƙusa ta gaishe ta da murya kamar ta sauro. Gwaggo ta ɗaga ƙwarya ta ce mene ne wannan. Shiru. Ta nuna ƙofa. Shiru. Sai ta juyo gare ni, kamar yarinyar ba ta wurin, ta ce ai dama ta sani. Wai uwar ta samu ɗa namiji ta jefar da wannan, ko tunawa da ita ba ta yi, gara ta tafi inda ake son ta. Ina haɗa amsar da ba za ta ɓata zumunci ba, sai na ga Ikilima ta miƙe tsaye, ta ja numfashi ta riƙe kamar yadda na koya musu, ta dubi tsabar idon gwaggonta ta ce: ƙarya ne, Ummana tana ƙaunata.

Naja'atu, shekaruna ina koyar da yara ban taɓa jin ƙ mai kyau irin waɗannan biyun ba. Sun fashe kamar an fasa gyaɗa. Babanki ya kama tarin da ba shi da shi. Ni kuwa kunya da farin ciki suka haɗu suka rufe ni, don harafin da na ce musu shi ne mai ladabi, da shi aka ƙaryata babba a cikin gidana. Gwaggo ta saki baki, can ta ce a maimaita ta ji. Na ce wannan kalma ba za a maimaita ta a gabana ba. Na sa yarinya ta durƙusa ta ba da haƙuri, sannan na jawo kwando. Ta zaro ɗaya bayan ɗaya tana faɗa, ƙwarya, ƙusa, ƙaho, ƙashi, hawaye na zuba, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan bakin na gidansu ne, haka marigayiya innarsu take, ba a taka ta ta yi shiru. Ta ce ta janye maganar riƙo. Yarinyar da ta tsaya wa uwarta haka, raba su alhaki ne. Jakar da ta zo da ita ƙuli-ƙuli na cika mata.

Kada ki ɗauka na ƙyale rashin kunyar. Na zaunar da Ikilima na gaya mata ko babba ya yi kuskure ba a ce masa haka, na kuma hana ta ƙosai washegari. Wanda babanki ya ba ta a ɓoye ban gani ba. Yanzu saura ke. Ki zo da Babbar Sallah ki ɗauki 'yarki, amma da sharaɗi: a ɗakinki Hausa za a yi, da ita da Mudassir tun yana goye, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki kuma rubuta wa Gwaggo Altine takardar godiya, ki tausasa harshe. Yarinyar nan ta yi miki shaida a gaban mutane, kada ki bari ta zama maƙaryaciya.

Babanki yana sa miki albarka. Yayanki Abdulhafiz da matarsa Ummu Hani suna gaishe ki, haka Malam Haladu shugaban makarantarmu. Ki gaishe da Malam Bashari, ki shafa mini kan Mudassir. Harafin da za ki gani a ƙasan takardar nan Ikilima ce ta rubuta miki da hannunta. Mayafin ya fi mai shi girma, amma kada ki gyara.

Wassalam. Ni ce mahaifiyarki,
Malama Gwamma.