Robar Minshari

Haɗeja, ranar Laraba

Aminina Ari,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Mairam da yara. Yaya ruwan bana a Baturiya? Mu nan sai godiyar Allah.

Mairam ta faɗa wa maiɗakina Saude cewa makon jiya barci ya sace ka a kwale-kwale da rana tsaka, har taru ya kusa janye ka cikin ruwa. Kada ka yi mata faɗa, tsoro ne ya sa ta magana.

Ka tuna shekarun da muke kwana wurin kamun kifi, ni da kai da marigayi Garba, bukka ɗaya? Mu dafa tarwaɗa da daddawa, mu kwanta, da safe a yi ta musun wa ya fi wani minshari. Har Fulanin tsallake suna tsokanarmu wai mun hana shanunsu kwanciya. Wallahi ina kewar lokacin nan. A wurinmu minshari alama ce namiji ya sha aiki.

Ashe ciwo ne. Likita a Kano ya ce maƙogwaro ne ke toshewa, numfashi ya riƙa yankewa cikin barci, shi ya sa barci ke sace mutum da rana. Likitan haƙori ya auna bakina, aka yi mini wata roba da ke kama haƙora, tana turo muƙamuƙin ƙasa gaba kaɗan don iska ta samu hanya. Makon farko haɓa ciwo, ga dalalar yawu kamar jariri, Saude kuwa me za ta yi in ba dariya ba. Yanzu da asuba kaina wasai nake tashi.

Na san halinka, za ka ce kai ba goyo ba ne da za a cusa maka roba a baki. To ji abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Daren da Garba ya rasu kai kana barci, ni idona biyu. Na ji minsharinsa ya yanke kamar yadda ya saba. Na jira ya ja numfashi, shiru. Sai na ce alhamdulillahi, yau zan samu barci, na juya masa baya. Shekara goma sha tara ina ɗauke da wannan.

Ran Litinin zan zo da babur in ɗauko ka, mu wuce tashar Kano, mu je ka ga likitan. In ka ƙi, a ƙofar gidanka zan tare. Ni na wanke gawar Garba da hannuna, Ari. Ba zan iya wanke taka ba.

Ka gaishe da Mairam, ka ce na gode.

Amininka tun ƙuruciya,
Yunusa