Gilashin da na sayo wa Inna ya sa ana ce mata mayya

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, kuma yau nake buƙatarta, don gobe bayan azahar abin da zai faru zai faru.

Ni tela ne a Magarya, ina da mata da 'ya'ya mata biyu. Garinmu wani ƙauye ne a ƙasar Bande, can mahaifiyata take zaune da ƙanwata wadda aka sa ranar aurenta bayan kaka. Inna sana'arta matsar man gyaɗa da ƙuliƙuli, tun kafin a haife ni duk garin a wurinta ake saye. Bara aka yi mata aikin yanar ido a Damagaram, Alhamdu lillahi ta samu gani, sai dai tun daga lokacin idon ba ya son rana, da ta fito tsakar gida sai hawaye. Likita ya ba ta baƙin tabarau, irin na roba mai faɗi, wallahi tabaran nan ba irin tsiyar da bai jawo mana ba. In ta shiga ɗaki da shi ba ta ganin komai sai ta cire, in ta cire sai ta manta inda ta ajiye, sau biyu ana tsinto shi a bakin rijiya, sau ɗaya akuya ta taka shi. Mata suka riƙa zuwa yi mata jaje suna zaton aikin bai yi ba ta makance, yara kuma in ta wuce su ce ga 'yar kabu-kabu nan. Ƙarshe ta ce gara hawayen da wannan abin kunya, ta jefa shi cikin kwalla.

Shi ne da na koma da ita ganin likita na ce a yi mata irin wanda yake canzawa da kansa, masu shago suna ce masa fotogire, a ɗaki fari tas, in an fita rana ya yi baƙi. Ba araha gare shi ba amma na daure. Inna ta ji daɗinsa ƙwarai, da shi take tsince tsakuwa a wake, da shi take zura zare a allura, ta fita gona ba hawaye, kuma ba cirewa bare mantuwa. Aibinsa ɗaya ne, in ta fito daga rana ta shiga ɗaki ba ya washewa nan take, sai ya ɗan jima yana baƙi sannan ya riƙa sakin jiki a hankali. Wannan ɗan jinkirin ban taɓa ɗaukarsa komai ba.

Yanzu ga inda laifina yake, kuma duk duniya mutum ɗaya ce ta sani bayan ni. Ni mutum ne mai shegen baki, a shago ma an san ni, ba na iya ganin wuri in yi shiru. Ina da taubashiya, 'yar kawuna, bari in kira ta Lantana, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu yi tsiya ba. Ranar da na kai wa Inna gilashin, Lantana ta ja ni gefe tana tambaya wai yaya aka yi lunet ɗin Gwaggo, wato gilashin Inna, yake baƙi ba wanda ya taɓa shi. Maimakon in ce mata rana ce, sai na ƙanƙance ido na ce, "Ke baƙauyiya, ai in ya ga mai zaƙin jini ne yake baƙi, in ya sha ya ƙoshi sai ya washe, ki kiyayi kanki." Ta ce Allah ya tsine wa bakina, muka yi dariya, na hau moto na koma Magarya na manta. Ashe ita ta kai maganar bakin rijiya, ba ta ce ni na faɗa ba, ta ce wai an ce. Wata huɗu maganar tana yawo a garin ana yi da dariya, ban sani ba.

Maƙwabcin Inna akwai Sale, matarsa Rabi daga wajen Dancawo aka auro ta, yarinya ce marainiya, tun zuwanta ta riƙe Inna uwa. Ko gishiri ya ƙare mata gidanmu take zuwa, in sun saɓa da Sale a ɗakin Inna take kuka. Kwana goma sha biyu da suka wuce Rabi ta haihu a gida. Washegari da hantsi Inna ta shiga yin barka, ta fito daga rana, ta tsaya bakin ƙofar ɗakin da idanu baƙi ƙirin, ɗaki cike da mata. Ta zauna gefen gado ta kama hannun Rabi tana yi mata sannu, tana kallonta, gilashin yana washewa a hankali har ya zama fari, mata suna kallo. Bayan suna da kwana ɗaya zazzaɓi ya rufe Rabi, ga ciwon mara, ga rawar jiki, kwana biyu ta fita hayyacinta ta fara sambatu, kuma sunan da take kira shi ne na Inna. To wa za ta kira jama'a? Yarinyar da ba ta da uwa, tana jin azaba, ai wadda ta sani za ta kira. Amma a garinmu in mara lafiya ya kama sunan mutum, an gama shari'a. Uwar Sale ta kawo wani mai magani ya yi turare, ya ce an kama kurwarta, kuma wadda ta kama ta ba ta da nisa.

Ƙanwata ce ta kira ni tana kuka. Na rufe shago na zo, na tarar da gidanmu kamar an yi mutuwa, man da Inna ta matsa yana nan jere ba wanda ya saya, ƙuliƙuli an dawo da shi a faranti yadda aka fita da shi. Matar da ke zuwa taya ta suya shekara da shekaru ta aiko a ba ta kaskonta. In Inna ta leƙa waje sai ka ga mata suna janye yara suna tofa addu'a.

Raina ya ɓaci, na ɗauki gilashin na tafi wurin mai gari, na ce a tara dattawa in nuna musu. Aka zauna a zaure, na yi bayani har bakina ya bushe, na ce hasken rana ne kawai, ko jaki aka sa wa zai yi baƙi. Wani dattijo ya yi ƙarfin hali ya karɓa ya sa, to a cikin zaure muke, gilashi ya tsaya fari. Na ce Baba fito waje ka gani, ya ce shi ba inda za shi da wannan abu a fuskarsa, ya miƙo mini da yatsa biyu. Cikin zafin zuciya na sa a fuskata na fita tsakiyar rana, na tsaya har na ji hasken ya ragu, na juyo ina kallonsu ina murmushi, a zatona na ci nasara. Sai na ji wani daga ciki ya ce, "La ilaha illallahu, ashe har ɗan ya sha a nono." Na ce to a ɗora shi kan turmi a rana kowa ya gani, mai gari ya ce ya isa haka, an ga abin da za a gani. Na buɗe baki zan ce ni ne na ƙirƙiro zancen nan da wasa, wallahi tsoro ya kama ni, na fasa.

Ga hukuncin da suka yanke. Gobe bayan azahar Inna za ta je gidan Sale a gaban jama'a, ta tsallaka Rabi sau uku, ta kurkure bakinta da ruwa a ba ta ta sha, wai ta haka maye yake sakin kurwa. Wanda bai san ƙauye ba zai ce ai abu ne mai sauƙi, a yi a wuce wurin. Ba haka ba ne. Duk wadda ta tsallaka ta amsa da kanta, in mara lafiya ya tashi an tabbatar, in ya mutu a ce ta riga ta cinye, kuma tambarin ba ya tsayawa kanta, yana bin jini. Dangin mijin da ƙanwata za ta aura tun jiya suka aiko wai a ɗan dakata da maganar biki. 'Ya'yana biyu ko makarantar boko ba su shiga ba, amma na san ranar da za a zo neman aurensu sai wani ya tuna.

In kuma ta ƙi zuwa, samarin dangin Sale tun shekaranjiya suke zama a kan wani gungume daura da ƙofarmu, ba sa magana, ba sa gaishe ni, suna zaune ne kawai. Da safen nan na ga ɗaya daga cikinsu ya zagaya bayan dangarmu ta kara yana dubawa. Kowa ya san yadda kara yake a wannan lokaci, ashana ɗaya ta ishe shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Rabi tana can tana ƙarewa. Akwai wani majo, babban ma'aikacin jinya da nake yi wa ɗinki, na kira shi na kwatanta masa, ya ce irin wannan zazzaɓin bayan haihuwa ba a wasa da shi, a kawo ta likita yau kafin gobe. Na sami Sale a gona shi kaɗai na roƙe shi, na ce ga amalanke zan nemo, ni zan kai ta Bande. Ya yi ta share hawaye da hula, ya ce shi a ransa bai yarda Inna za ta cuci Rabi ba, amma uwarsa ta rantse allura ba za ta taɓa matarsa ba sai an saki kurwar, wai in aka yi wa kamun maye allura mutuwa ake. Ya ce, "Ka sa Inna ta tsallaka, ko minti biyar ba za a yi ba zan ɗauko ta da kaina mu tafi." Lantana kuma ta same ni tana roƙona kar in ambaci sunanta, mijinta ƙanen uwar Sale ne.

Na ce wa Inna ta shirya in tafi da ita Magarya yau, ta ƙi. Inna ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, ta ce, "Kai wannan, in na gudu ai na amsa, kuma yarinyar nan tana kirana. In tsallakawata ce za ta sa a kai ta likita, zan tsallaka." Ta daina sa gilashin, tana zaune a inuwar rumbu ido yana zuba, ban san wanne ne na rana wanne ne na kuka ba. Ɗazu ina ɗiga mata maganin ido, kanta yana kan hannuna, ta ce a hankali, ita ba ta riƙe uwar Sale ba, tsoro ne ya sa ta, ba ta riƙe mai gari ba, amma duk wanda ya fara ƙulla mata wannan magana ba ta yafe masa ba, duniya da lahira. Na ce amin.

Jama'a ku gaya mini gaskiya ko da zagi ne. In bar ta ta tsallaka don a ceci Rabi, mu ɗauki tambarin har jikoki? In kai maganar wurin jandarma, alhali kafin su zo ba na san abin da samarin nan za su yi ba, kuma Inna a garin za ta ci gaba da zama? Ko in tashi gobe a gaban jama'a in ce ni ne na faɗa da wasa, wanda ina tsoron su ce ai ɗa ya fi kowa sanin uwarsa? Malamai da ke cikin gidan nan, ku taimake ni da wannan ta ƙarshe, don ita ta fi hana ni sukuni: uwa ta ce ba ta yafe ba, ba ta san ɗanta take nufi ba, ya kama ni ko bai kama ni ba? Kuma in gaya mata kafin azahar, ko in bari ta tsallaka tana ganin ina cikin masu tausayinta?