Baƙin Tafki Sun Sauka

Zuwa ga 'yata, Malamar Tsuntsaye,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da nauyin da kike ɗauke da shi. Allah Ya sauke ki lafiya. Mu nan ƙalau.

Bari in faɗa kafin mamanki ta riga ni: na faɗa taɓo. Tsuntsayenki matafiya sun sauka tafki ranar Litinin. Na ɗauki kyamarar da kika aiko, ina ta ja da baya don duk su shiga, sai ga ni zaune cikin laka har ƙugu. Kyamara dai na ɗaga ta sama kamar jariri, ba abin da ya same ta. Takalmi ɗaya kuwa ya zama na tafki.

Akwai wani laifin. Kin rubuta cewa in ɗauki hoton idan gari ya lumshe. Ni da na tsaya a aji huɗu sai na ga kamar boko ne ya yi miki yawa, don tun muna yara mai hoto rana yake nema. Na jira ta take, na ɗauki arba'in. Fararen tsuntsaye, ruwa na walƙiya, duk sun haɗe kamar an shanya zanin gado. Mamanki ta duba ta tambaye ni ko bango na ɗauka.

Na san shekara bakwai kina ƙirga su ba fashi, kuma in na bana ya wuce, rahotonki ya yi giɓi. Ga shi sun kusa tashi. Kada ki sa damuwa a ranki, likita ya hana.

Babanki, Sarkin Santsi.

'Yata,

Ina gaishe ki, da fatan ƙafafun sun rage kumburi.

Jiya gari ya waye da gajimare, ko inuwa babu. Wani masunci ya sa ni a kwalekwalensa, ya zagaya da ni ta bayan ciyayi yana tuƙi a hankali. Kowane tsuntsu ya fito tsaf, har baƙin da ke gefen fiffike, har zoben da ke ƙafar wani. Na tura miki duka. Na ƙirga sau uku na samu amsa uku, sai ki yi naki.

Yau da safe tafkin wayam, sun tafi. Na daɗe tsaye a bakin ruwa, raina fes.

Saura masunci. Na sa hannu a aljihu, ya ce, "Baba, bar shi. Hotona nake so, ina rungume da kifi mai kaurin cinyata." Na amsa masa ban tambaye shi yaushe rabonsa da irin wannan kifi ba. Daga baya matarsa ta ce min shekara uku ke nan.

Don haka kyamararki za ta ɗan daɗe a nan. Daga gobe, kullum da safe ina cikin kwalekwale, ni da ban iya iyo ba, ina taya shi roƙon Allah.

Mamanki na gaishe ku.

Naki, Baba.