Tsaga a Jikin Farin Jirgi

Riyad, Fabrairu 2014

Yaya Sabuwa,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna?

Na bar gareji. Kafilina, wanda nake aiki a ƙarƙashinsa, ya sa ni kula da ɗan jirginsa a wani fili cikin sahara. Fari ne, fukafukinsa dogaye kamar na shamuwa. Da ƙaramin inji yake tashi, in ya yi sama a kashe injin, ya shige cikin bayansa, iska mai ɗumi ta yi ta ɗaga shi. Kullum ina shafa masa mai ina kallon gajimare. Ya ce ran Juma'a ni zan zauna a kujerar baya.

Ƙaninki,
Shakir

Gusau, Maris 2014

Shakir,

Muna lafiya. Na karanta wa Inna wasiƙarka, ta ce wane mai hankali ne zai kashe inji a sama? Ni kuwa na tuna yadda kake kwanciya kan soro kana bin shirwa da ido har tuwonka ya huce. In ka hau, ka faɗa mini yadda abin yake. Allah ya tsare.

Yayarka

Riyad, Afrilu 2014

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban hau ba. Safiyar Juma'ar ina duba ƙarfen da ke riƙe da farfela, sai farcena ya kama wata tsaga, siririya kamar gashi. Ba wanda ya gani. Na daɗe a tsaye, sama kuwa ta yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba. Daga baya na kira kafilina.

Ya ce, "Ka tabbata? Baƙina sun zo tun daga Jidda."

Na ce, "Sa farcenka."

Ya sa, ya juya, ya shiga mota. Sai an yi wata huɗu sabon ƙarfe zai iso, iƙamata kuma, wato takardar izinin zamana a ƙasar nan, saura wata biyu ta ƙare. Ban sani ba ko zai sabunta mini ita.

Ku sa ni a addu'a.

Shakir

Riyad, Satumba 2014

Yaya,

Kafilina ya sabunta iƙamar. Jiya muka tashi. Da injin ya yi shiru, sai na ji numfashina, na ga inuwarmu tana tafiya kan yashi a hankali. Ya ce in riƙe sandar tuƙi. Na riƙe da yatsu biyu, jirgin ya bi ni.

Ki faɗa wa Inna, amma ki fara da cewa na sauka.

Naki,
Shakir