Keken da Babanki Ya Ƙera

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yar jikata. Allah ya tsare ku, ya ba ku haƙurin zaman nesa da gida. Mu nan lafiya lau, sai dai kewa. Ƙafar Gwaggonki ta yi sauƙi, har tana zuwa kasuwa da kanta. Matar Yayanki ta sauka, an sami namiji mai kunnuwan gidanku sak. Auta ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da aiki sai barci.

Na zaɓi in rubuto miki ne saboda duk lokacin da kika kira waya Babanki na zaune kusa da ni ya kasa kunne, maganar kuwa ba za ta faɗu a gabansa ba.

Kin san tun da ya ajiye aiki a masana'anta ya rasa inda zai sa kansa. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyu yana sassaƙa ƙarfe, ga shi a tsakar gida yana koya mini yadda ake shanya kaya. To bara ya ji labarin wani tsohon gareji da za a rufe, ana sayar da kayan cikinsa. Ya tafi wai kallo kawai zai yi. Da la'asar sai ga mota a ƙofar gida, ɗauke da injin sassaƙar ƙarfe da ya girme ki nesa ba kusa ba, tsatsa ta cinye shi, da injin huda, da buhu guda na magagari da sifana da tarkacen da ban san sunansu ba. Maza shida ne suka shigo da injin, sai da suka ɓalle gefen ƙofa. Kada ki ji haushi, ɗakinki aka sa shi. Na hana, ya ce ai ɗakin Injiniya ne, kamar yadda yake kiranki tun kina miƙa masa sifana kina 'yar shekara biyar, don haka ba baƙo ya kawo ba. Gadonki mun mayar ɗakin Auta. Madubinki dai ya hana a taɓa, gwangwanayen da kike tara ɗan kunne a ciki kuma yanzu noti ne cike da su.

Wata uku ya yi yana wanke injin da kananzir, yana goge shi da samfefa. Akwai wani haƙorin ƙarfe da ya karye a ciki, ya zaga wajen masu tsofaffin ƙarafa har sau biyar kafin ya samo madadinsa. Ranar da injin ya tashi, da kin ga Babanki. Ya fito hannu duk baƙin mai, ya ja ni har ɗakin wai in saurari muryarsa. Ni dai ƙara na ji. Daga nan unguwa ta gano shi. Tela ya kawo keken ɗinkinsa, mai niƙa ya kawo wani ƙarfe da ya cinye, maƙwabciyarmu har hannun tukunya ta kawo, duk ya gyara yana fara'a.

Da kika aiko hoton yarinya tana tsaye riƙe da kujera, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce amaryarsa ta isa hawa keke, kuma ba za ta hau na kanti ba yana raye. Ya samo bututun tsohon gado, da ƙafafun wani keken asibiti da aka yar, ya fara ƙera mata keke mai ƙafa uku.

A nan ne na fara lura. Aikin da yake gamawa a wuni guda sai ya kai mako. Wata rana ina shara na ɗaga tsumma a bokiti, na tarar da sandunan ƙarfe huɗu a ɓoye, duk waɗanda ya sassaƙa don ƙafar keken, duk sun lalace. Na tambaye shi, ya ce ƙarfen zamani ne ba shi da kirki. Washegari da hantsi na kai masa shayi, na same shi bakin taga ya ɗaga ma'auninsa sama, yana kai shi kusa da ido yana nesanta shi. Bai ji shigowata ba. Na tsaya da kofi a hannu har ya huce. Kwana biyu bayan haka injin ya yanke shi a yatsa, ba sosai ba, kada hankalinki ya tashi. Ina ɗaure masa ne ya faɗa mini gaskiya: ya fi wata huɗu ba ya ganin ƙananan lambobin ma'aunin, da hannu yake lalube. Ya ce da Injiniya na nan da ita za ta karanta masa. Daga faɗin haka ya juya fuska bango.

Tun ranar ni ce Injiniya. Nakan sa tabarau in zauna a kan benci, ya auna, in karanta masa. Da farko sai da muka yi faɗa, wai ina karanta lamba kamar mai lallashin jariri. Yanzu na iya, har nakan ce masa ya ƙara sassaƙe ƙarfen kaɗan. Shekara talatin da biyar muna tare, ban taɓa sanin abin da hannun mutumin nan ya iya ba sai bana. In yana aiki labarinki yake ba ni, kamar ba ni na haife ki ba.

Yayanki ya kai shi asibiti. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, aiki ne ƙarami, mutane da yawa sun yi sun warke. Babanki ya ce ba wanda zai taɓa masa ido sai ya gama keken, don in aka yi rashin sa'a, kada ya bar wa yarinya rabin aiki. To keken ya gamu ranar Laraba, ya shafa masa jan fenti, yanzu kuma ya koma cewa sai an ga yadda hali ya yi. Tsoro yake ji, ba zai faɗa ba. Abin da nake roƙonki ke nan: ki kira shi ki yi masa magana da kanki, ba tare da kin nuna na gaya miki ba. Maganarki ce kaɗai ba ya musu da ita.

Sauran roƙon kuma kin san shi. Shekara huɗu ke nan rabonki da gida. Na san hanya da nisa, na san aiki ba ya sakin mutum, ban kuma ɗora miki laifi ba. Amma da zai kafa kujerar keken, na ce ya bari ki aiko da tsawon ƙafar yarinya. Ya ce yara ba sa jiran takarda. Sai ya huda sandar kujerar wuri uku yadda za a riƙa ɗaga ta: ɗaya in kun zo bana, ɗaya in sai baɗi, ɗaya in Allah ya sa an ƙara jinkiri. Na ce ga sauran wuri a sandar, ya ƙara na huɗu mana. Ya kashe injin ya ce shi bai iya huda wannan ba.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki sumbaci yarinya a madadina. Gwaggonki, Kawunki, Yayanki da matarsa, da Auta duk suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya sada fuskokinmu da alheri.

Ni ce mai yi miki addu'a kullum,
Mahaifiyarki